Shaf ɗin injin niƙana sai karyewa yake wuri guda

Mai injin niƙa, Mabera:
Salama alaikum jama'a. Don Allah masu sanin ƙarfe ku taimaka min, shaf ɗin injina, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, sai karyewa yake dab da fuli, faifan da bel ke hawa, an yi mai walda ya sake ɓallewa nan wurin, kuma wallahi ban ƙara mai kaya ba, gero da dawa ne dai awa kullum. Mi ka kawo wanga abu? Ko ƙarfen ne jabu?

Injiniya, Arkilla:
Wa alaikumus salam Malam. Ba dole jabu ba ne, gajiyar ƙarfe ce. Ka san in ka kama waya kana lanƙwasa ta gaba da baya sai ta tsinke ko ba ka ja ta da ƙarfi ba, to haka shaf yake sha, bel na jansa gefe guda shi kuma yana juyawa, duk zagaye sai ya ɗan lanƙwasu, idonka ba zai gani ba. Tsaga na farawa ƙanƙanuwa daga kusurwa mai kaifi, ko ramin makulli, ɗan ƙarfen da ke riƙe fuli a jikin shaf, ko inda tsatsa ta ci, tana ci a hankali har sauran ƙarfen ya kasa. Duba bakin karayar, za ka ga ɓangare mai sumul da layi-layi, sai ɓangare mai kaushi da ya ɓalle lokaci guda. Jiragen sama na Comet na Ingila ma haka suka tarwatse a sama a 1954, tsagar daga kusurwar taga ta faro.

Mai walda, Tsohuwar Kasuwa:
Oga sana'ata ce amma gaskiya kar ka sake yi mai walda, zafin wuta na canza ƙarfen kuma bakin waldar nan ne sabuwar tsaga za ta fito. Sayi sabo, ka ce wa mai sassaƙawa ya zagaye kafaɗar, wato inda kaurin shaf ɗin ke canzawa, kar ya bar ta da kaifi.

Injiniya, Arkilla:
Haka ne. Sannan kar ka ɗaure bel tamau, fuli biyun su zama a layi ɗaya, boris in ya fara kuka canza shi. Lokaci-lokaci ka wanke wurin da kananzir ka goge ka shafa alli, in akwai tsaga kananzir zai tsattsafo ya ɓata allin.

Mai injin niƙa, Mabera:
Na duba, layi-layin nan shina nan kuwa, daga ramin makulli ya taso. Allah shi saka da alheri. Injiniya, bel ɗin ya zan gane ɗaurin ya yi daidai?