Neman shawara: ƙanwata za ta tafi aikatau Saudiyya, amma fasfonta yana hannun mai kai ta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Bolari, cikin garin Gombe. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, aurenta ya mutu bara, ta dawo gida da yara biyu. Tana ɗan taɓa ɗinki, amma kowa ya san yadda kasuwa take. To akwai wata Hajiya da ke kawo jallabiya da turare unguwarmu, ita ta ce za ta kai ta aikatau Saudiyya. Ko kwabo ba za mu bayar ba, ita za ta yi biza da tikiti, amma albashin wata goma na farko nata ne.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, tun ranar da fasfo ya fito ta karɓe shi. Na tambayi irin bizar, ta ce ta Umra ce, in an sauka za a gyara. Na nemi takardar yarjejeniya, ta ce ai tsakanin Musulmi da Musulmi babu batun takarda, ƙanwata dai ta dafa Alƙur'ani cewa ba za ta gudu ba. Inna ta amince, har tana ganin ni nake tare wa yarinyar hanyar arziki. Ƙanwar tawa kuma jiya ta ce min, "Hamma, in ka hana ni, kai za ka riƙe yaran nan?" Wallahi ban iya ce mata komai ba, malamin firamare ne ni. Ku ba ni shawara don Allah.

Wata uwa daga Kumo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka bar ta ta gwada sa'arta. A layinmu akwai wadda ta je ta dawo ta gina gida, ta aurar da ƙannenta biyu. Tunda ba yarinya ba ce, kuma da yardarta za ta tafi, ka bi ta da addu'a kawai. Zaman bazawara a gida babu abin hannu shi ma ba sauƙi ba ne.

Wata 'yar'uwa daga Azare:
Ɗan'uwa, da bizar Umra na tafi ni ma, kuma maganar da aka yi muku ita aka yi mana, babu bambanci. Babu abin da aka gyara. Biza tana ƙarewa na zama takari, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ko shago ba na iya leƙawa don tsoron askar, wato 'yan sandan can. A ɗakin ajiya nake kwana, kusa da injin wanki, kan wata katifa da ake naɗewa da safe. In matar gidan za ta fita sai ta kulle ƙofa ta waje. Wayata tana cikin durowarta, ranar Juma'a take ba ni in gaisa da gida, tana tsaye a kaina. Hannuwana har saɓulewa suka yi saboda ruwan wanke banɗaki. Da azumi kuma sai a ara wa 'yan'uwanta ni, in yi gida biyu a rana.

Albashi kuwa ban taɓa riƙe shi a hannuna ba, kai tsaye ake tura wa mai kai ni. Da na yi rashin lafiya, kuɗin magani ma a kan bashin aka ɗora, watannin da aka ce suka wuce ana ce min da saura. Ƙarshe kama ni aka yi, aka kai ni Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, aka dawo da ni da leda ɗaya. Mama ta Kumo, wadda ta gina gida kowa yana ganin gidan. Irinmu kunya ke sa mu yi shiru, shi ya sa ba kwa jin labarinmu. Banza ba ta kai zomo kasuwa, wannan tafiyar kyautar bashi ce.

Wani tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago daga Bauchi:
Malam, abin da ka zayyana duniya ta daɗe da saninsa, kuma yana da suna a doka: aikin tilas. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, wadda aka kafa a 1919, ta yi yarjejeniya mai lamba 29 tun 1930 a kan haka, Najeriya kuma ta amince da ita a 1960. Ƙungiyar ta fitar da alamomi 11 da ake gane aikin tilas da su. A ciki akwai yaudara, da ƙwace fasfo, da ɗaure mutum da bashi, da riƙe albashi, da hana fita. Ƙanwarka ko filin jirgi ba ta je ba, uku sun riga sun bayyana. Sauran kuma ka ji su daga bakin 'yar'uwarmu ta Azare.

Hajiya ta Kumo, batun yarda da kika kawo yana da muhimmanci, amma yarjejeniyar Palermo ta 2000, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi don yaƙi da safarar mutane, ta warware shi. Muddin da yaudara aka samu yardar mutum, to wannan yardar ba ta wanke mai safarar. A kan wannan turbar Najeriya ta kafa hukumar yaƙi da safarar mutane, wato NAPTIP, a 2003, aka sake ƙarfafa dokarta a 2015. Kuma kada a ɗauka abin kaɗan ne. Ƙiyasin da ILO ta fitar tare da abokan aikinta ya nuna mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a duniya a 2021, wani rahotonta na 2024 kuma ya ce masu wannan harka suna cin ribar dala biliyan 236 a shekara. Albashin wata goma da ake son karɓewa daga bakin 'ya'yan ƙanwarka, irinsa ne ke taruwa ya zama wannan kuɗin.

Ni ban ce kada ta fita neman halal ba, amma ta bi ta ƙofa. Ka nemi Hajiyar ta nuna maka lasisin ɗaukar ma'aikata zuwa waje daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, sannan ka je ofishinsu na jiha da ƙafarka ka tabbatar. Biza ta zama ta aiki, domin bizar Umra ba ta halatta aiki a Saudiyya. A ba ku kwantiragi mai sunan mai gidan da adireshinsa da albashi da ranar hutu, wani mai jin Larabci na wajenku ya karanta muku. Saudiyya tana da manhajar Musaned, ta nan ake rajistar ɗaukar masu aikin gida. Fasfo kuma mallakar gwamnatin tarayya ne, babu mai ikon riƙe na wani.

Uwa daga Kumo:
Alhaji na ji bayaninka, Allah Ya saka. Amma tsakani da Allah, dokokin ILO ɗin nan suna isa cikin kicin ɗin Balarabiya?

Tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago:
Tambayarki a kan hanya take, Hajiya, kuma nan ne inda abin ke min ciwo. ILO ta yi yarjejeniya ta musamman don masu aikin gida a 2011, mai lamba 189, amma Saudiyya ba ta rattaba mata hannu ba. Da suka sassauta tsarin kafala a 2021, wanda ke ɗaure ma'aikaci a hannun kafilinsa, masu aikin gida ba su shiga cikin sassaucin ba. Don haka ko wadda ta bi ƙa'ida tana iya faɗawa hannun mugun gida. Bambancin shi ne ita tana da iƙama da kwantiragi, za ta iya kai ƙara, za ta iya neman ofishin jakadancin Najeriya a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda. Takari kuwa in ta fito neman haƙƙinta, ita za a fara kamawa. Masu kai su sun san da haka sarai, shi ya sa suke son bizar Umra.

Wani malami daga Dukku:
Ɗan'uwa, maganar cewa babu takarda tsakanin Musulmi ba ta da tushe. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Wadda ta ƙi rubutu ta ce a dafa Alƙur'ani, tsoron Allah da ke zuciyar ƙanwarka take son ta ɗaure ta da shi. Kada ku bari ta yi wannan rantsuwar. Mahaifiyarku kuma ka bi ta da ladabi, talauci take hango wa jikokinta. Ka samu babban da take jin nauyinsa ya zauna da ita.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa ƙanwata saƙon Addarmu ta Azare, ta yi shiru, daga baya ta ce in tambayar mata ko za su iya magana ta waya. Adda, in kin amince ki sanar da ni ta akwatin sirri. Kawunmu ya zo daga Kwami ya yi magana da Inna, ba ta sauko gaba ɗaya ba, amma ta yarda a dakata sai an ga takardu. Na kira Hajiyar na ce ta kawo lasisi da kwantiragi, ko ta dawo mana da fasfo. Ta yi fushi, ta ce sai mun biya ta abin da ta kashe, kuma wai akwai wasu 'yan mata a Pantami da ke jiran gurbin. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi tayar min da hankali. Gobe in sha Allahu ni da Kawu za mu same ta, in ta ƙi ba da fasfon zan kai maganar NAPTIP, har da batun yaran Pantami. Sannan in akwai wanda ya san inda ake neman mai ɗinki a nan Gombe, ko ɗinkin kayan makaranta ne, don Allah ya taimaka mana da bayani.