Na talabijin muna masa tafi, na bakin layi muna jifansa, dan Allah ya abin yake ne?

Maman Hanifa, Idi-Araba

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya kuma da gaske nake, abin ya kwana biyu yana cina a rai. Gidan haya muke, ɗaki goma sha biyu tsakar gida ɗaya, maƙwabciyata bayarabiya ce mutuniyar kirki tana da dikoda, in an kawo wuta ko ta tada janareta yaran gidan kaf ɗakinta suke tarewa har da nawa. To kwanaki suna kallon irin shirin nan da ake bin mutane da kamara ana nuna rayuwarsu, sai aka kawo wani namiji ya sha gashin kanti da farce da jan baki, ya kafa ɗauri ya fi nawa kyau, 'yan cikin shirin sai ihu suke suna rungumarsa. Washegari ɗana mai shekara tara ya ɗauki gyalena ya yafa yana tafa hannu yana karairaya a tsakar gida, kowa ya kwashe da dariya, ni ma wallahi na yi dariyar, ba zan ɓoye ba.

Ba a yi sati ba sai ga wani abu. Akwai wani dattijo a bakin layinmu, ɗan daudu ne kowa ya sani, ya fi shekara ashirin yana sayar da tuwo da miyar kuka da soyayyar kaza, mazajenmu da yawa a wajensa suka ci abinci kafin su yi aure. Yaran unguwa suka bi shi da jifa yana dawowa daga cefane suna masa waƙa, dutse ya fasa masa goshi, kuma ɗana yana cikinsu. Wannan yaron dai da ya yafa gyale. Na je ba shi haƙuri na same shi ya ɗaure kai da tsumma yana tuƙa tuwonsa, abin da yace kawai Hajiya ba komai yaro ne.

Tambayata, mu a nan Legas mun karɓi mutanen nan ne ko ba mu karɓa ba? In mun karɓa me ya kawo jifa, in ba mu karɓa ba me yasa muke ƙona data da kuɗin dikoda muna kallonsu? Kuma me zan gaya wa yaron nan, don na rasa ta inda zan fara.

Abu Sumayya, Agege

Wa alaikumus salam Maman Hanifa, Allah ya shirya mana zuri'a. Ta ɓangaren addini maganar a fili take, hadisin Ibn Abbas yana cikin Bukhari, Manzon Allah (SAW) ya la'anci maza masu kamanceceniya da mata da mata masu kamanceceniya da maza. Wannan ba wanda zai goge shi don an nuna abin a talabijin ko don mai yi yana da mabiya miliyan nawa. Amma malamai irinsu Imam Nawawi sun rarrabe tsakanin wanda haka aka halicce shi da laushin murya da tafiya ba shi ya ƙirƙira ba, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, na farkon ba zargi a kansa kan abin da ba shi da iko a kai. Kuma ko na biyun ne, a wane littafi aka ba yaran layi izinin fasa wa mutum kai? Jinin musulmi da mutuncinsa haramun ne. Don haka abu biyu zaki gaya masa kuma ki raba su kar ki haɗa: kwaikwayon da ya yi ba kyau, jifan da ya yi zalunci ne kuma haƙƙin mutum ne sai ya je da ƙafarsa ya nemi yafiya.

Sannan 'yar'uwa ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, dariyar da manya suka yi ranar gyalen ita ce darasin farko da ya ɗauka. Yaro ya ga abin dariya ne, wanda ake wa dariya kuwa ba wuya a jefe shi. Dikodar nan tana da lambar kullewa, Big Brother ma da kansu sun rubuta na 'yan shekara 18 ne zuwa sama, ki samu maƙwabciyarki cikin lalama ku yi magana.

Sani Edita, Ikeja

Hajiya ni a harkar nake cin abinci, ina yanka bidiyo a wani sutudiyo, bari in gaya miki yadda ake dafa abin. Kalmar karɓa ma ki ajiye ta gefe, kasuwa ce. Shirin da ake cewa na zahiri ne ba zahiri bane yadda kike zato, za a ɗauki awa goma a ba ni ince in fitar da minti arba'in, kuma furodusa yana tsaye a kaina yana cewa ina wajen da ya murguɗa baki, ina wajen da suka yi cacar baki, sa wannan a talla. In baƙon ya zauna ya yi magana ta hankali kan mahaifiyarsa ko yadda aka kore shi daga gida yana yaro, wannan shi ake fara zubarwa don ba ya yawo a Instagram. Abin da ake so shine ki kalla ki ce innalillahi ki tura wa ƙawarki, ita ma ta zaga ta tura gaba, su masu talla lamba kawai suke gani, ba ruwansu da zagi ne ko yabo.

Ki duba Bobrisky, namijin nan mai shigar mata da ya yi suna a intanet, Idris Okuneye sunansa. A 2019 'yan sanda suka hana fatin zagayowar haihuwarsa a Lekki. A watan Maris 2024 a wajen ƙaddamar da wani fim a garin nan aka miƙa masa kyautar macen da ta fi kowa kwalliya, gari ya ɗauka, mata 'yan fim suka fusata, sati guda ba maganar da ake sai ta fim ɗin, kin ga ai an yi talla kyauta. Bayan 'yan makonni EFCC ta kama shi kan liƙin naira, kotu ta ba shi wata shida a gidan yari, mutanen da suke tafi jiya su ne suka yi ta murna. Ni ban ga karɓa a nan ba, na ga ana amfani da mutum ne shi ma yana amfani da mu yana karɓar kuɗin tallarsa. Bambancinsa da dattijon layinku shine shi yana da mota mai baƙin gilas da gida mai geti, in ya gama nishaɗantar da mutane ya shige, shi kuwa mai tuwo da ƙafa zai ratsa layi da kwandon cefane a ka.

Barista Zee

Bari in ƙara ta fuskar doka don mutane suna cakuɗa abubuwa. Dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta auren jinsi ce, ɗaurin shekara 14, ba ta ce komai kan sa kayan mata ba. Shi yasa a 2022 wani ɗan majalisar wakilai daga Toro a jihar Bauchi, Muda Lawal Umar, ya kawo ƙudurin a saka shigar mata a cikin laifuka, wata shida ko tarar naira 500,000, bai dai zama doka ba. Abin da ya fi jan hankalina a ƙudurin, an cire wanda ya yi shigar a wasan kwaikwayo ko don nishaɗantar da jama'a. Wato ko da ya wuce, na cikin talabijin ya tsira, na titi shi za a kama, daidai abin da Maman Hanifa take tambaya kenan.

A Kano lissafin daban ne, can akwai dokar jiha da Hisbah, kuma a 2024 hukumar tace finafinai ta hana finafinan da ke nuna daudu da daba. Legas ba haka bane amma kar ki ɗauka an bar su. A Agustan 2018 'yan sanda suka kwashe maza 57 a wani otal a Egbeda suka jera su gaban kamara, a nan ɗaya daga cikinsu, James Brown mai shigar mata, ya yi suna. 47 aka kai kotu, aka yi ta ɗage zama har Oktoban 2020 alƙali ya kori ƙarar don masu gabatar da ƙara sun kasa kawo shaidu. Mutum ɗaya ya fito da suna, sauran fa, an riga an nuna fuskokinsu duniya ta gani. Kuma ku tuna mai shigar matan nan da ake kira Abuja Area Mama na TikTok, a Agustan 2024 aka tsinci gawarsa a gefen titi a Abuja. Jifa da fasa kai kuwa Hajiya laifi ne a dokar Legas ko waye aka jefa, da dattijon ya so kai ƙara yana da hurumi.

Hajiya Babba, Obalende

Ni fa ku yi haƙuri ban yarda a mayar da maganar kamar tausayi kawai ba. Jifa ba kyau, na yarda ɗari bisa ɗari, amma ni uwa ce mai 'ya'ya maza huɗu kuma ina ganin abin da waya take yi. Da can ɗan daudu yana rumfarsa kowa ya san matsayinsa, ba yaron da zai ce in na girma shi zan zama. Yanzu yaro yana gani wanda ya sa siket an ba shi talla ya sayi mota, yayansa kuma ya gama digiri yana tuƙa keke a Mushin, me kuke so ya lissafa? Masu barkwancin intanet ma rabinsu sai sun ɗaura zani sun zama mama kaza kafin a yi dariya. Sani kace kasuwa ce, to ai kasuwar ita ce tarbiyyar yanzu, kuma ku ne kuke yankawa ku miƙo mana. Ni da NBC, hukumar kula da tashoshin rediyo da talabijin, za ta matsa wa tashoshin nan lamba da na fi kowa murna.

Sani Edita, Ikeja

Hajiya Babba ban musa ba, kuma maganarki ta taɓa ni don ni ma ina da 'ya. NBC dai tana iya matsa wa tasha lamba amma yawancin abin yanzu ba ta tasha yake zuwa ba, guntun minti ɗaya ne a TikTok da sitatus ɗin WhatsApp, ko an rufe shirin gobe guntayen suna cikin wayoyi.

Baba Direba, Mile 12

Yarana duk na karanta, jikana ne yake rubuta min. Na shigo Ikko ina saurayi ina yaron mota, muna sauke albasa da tumatir. Wanda ya fara ba ni abinci bashi a garin nan ɗan daudu ne, wata uku ina ci yana rubutawa a bango da gawayi, ranar da zazzaɓi ya kayar da ni shi ya dafa min kunu ya nemo min magani, 'yan garinmu ma ba su leƙo ba. Haka zaman bariki yake a Agege da Idi-Araba da Obalende, su ne masu tukunya, in ana biki su ake kira girki don ba mai iya soya kaji ɗari kamar su. Ba na ce duk halinsu mai kyau bane, akwai masu kawalci a ciki kowa ya sani, malamai suna musu wa'azi muna ji, wasu sun tuba sun yi aure sun je Makka, wasu da 'ya'yansu a gida tun asali suna aika musu kuɗi. Amma ba a jifansu. In yaro ya yi wa ɗayansu rashin kunya ubansa zai ci masa mutunci don babba babba ne.

Kuma kar mu ɗora wa Yarbawa da talabijin ɗinsu duka, marigayi Ibro ya yi shigar daudu a fim mun cika gidan kallo muna dariya har da hawaye, tun kafin a san wani Bobrisky. Abin da na ga ya canza, da mun san mutumin, mun san garinsu, mun san ranar da uwarsa ta rasu mun je gaisuwa. Yaran yanzu hoto suka sani. Maman Hanifa in mai tuwon nan wanda nake zato ne, dogo mai tsagen Gobirawa, ki gaishe shi ki ce wani tsohon direban Mile 12 yana masa sannu.

Maman Hanifa, Idi-Araba

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Baba ba shi bane, wannan gajere ne kuma bakatsine, amma zan isar da gaisuwar duk da haka. Jiya da magariba babansu ya kama hannun yaron suka je, na bi su a baya da kuɗin magani a ƙulle. Yaron ya durƙusa ya ce Baba ka yafe min, dattijon ya ɗaga shi ya zuba masa tuwo da cinyar kaza yace sai ya cinye a nan, kuɗin kuwa ya ƙi karɓa sam sai da maigidan ya rantse masa. A hanyar dawowa yaron yake tambayata wai Mama to shi Baban ɗan wuta ne, nace masa wannan ba ni na sani ba ba kai ka sani ba, Allah ne mai hukunci, kai dai ba ka ƙara ɗaukar gyalena ba ka ƙara ɗaukar dutse.

Maganar dikoda na samu maƙwabciyar tawa Iya mun yi, ta ce ita ma jikokinta suna damunta, ta yarda za a sa lamba amma ba ta iya ba. Sani dan Allah in akwai yadda ake yi a GOtv ka rubuto min a hankali mataki mataki, don ranar Asabar yaran suke taruwa.