Kofi na uku cikin kaka shida: a ina wasan daren Litinin ya same ku?

Ɗan Tasi:
Salamu alaikum jama'ar Shikago da kewaye. Ni dai har yanzu kunnena bai daina ƙara ba. Blackhawks, ƙungiyar ƙwallon gora ta ƙanƙara (hoki) ta garin nan, sun doke Tampa da ci 2 da nema jiya Litinin, 15 ga Yuni 2015, kofin Stanley na zakarun babbar gasar ya dawo garin nan karo na uku cikin kakar wasa shida. Na san yawancinmu ƙwallon ƙafa muka sani, ƙwallon gora ta ƙanƙara sai dai mu ji ana yi, amma duk wanda yake gari jiya wasan ya same shi, ko ya so ko bai so ba. Kowa ya faɗi inda ya riske shi.

Ni a bakin aiki ya same ni. Tun la'asar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, har jiniyar gargaɗin guguwa sai da ta yi kuka. Na ɗauki mutum uku daga otal za su United Center, filin wasan ƙungiyar, kowa da jar rigarsa. Muka iske ƙarƙashin wata gadar jirgin ƙasa ya cika taf, wata mota ta mace a tsakiya, ruwa har ƙofa. Na yi kwana na bi lungu. Na kusa da ni sai duba agogo yake yana cewa kuɗin tikitinsa ya fi hayar gidansa ta wata. Na sauke su a titin Madison ana dab da farawa, ko canji bai tsaya karɓa ba. Sauran wasan a rediyo na ji. Kuskuren da na yi, da aka tashi na karɓi fasinja zuwa wajen Wrigley. A titin Clark aka rufe ni gaba da baya, samari suka mai da bonet ɗina ganga. Yau da safe na ga ya lotsa wuri biyu. Abin da ya sanyaya min rai, ashe kofin ma ruwa ya tsare shi a hanya, sai da 'yan wasa suka yi ta jira kafin a shigo da shi. Na ce to, ba ni kaɗai ba ne.

Baba Tsohon Gari:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗana. Ku kun zo kun tarar da tuwo a kwano, bari wanda ya ga daka ya yi magana.

Karatu ya kawo ni garin nan a 1970. A sakandare a gida mun buga hoki a kan jar ƙasa, da sanda mai lanƙwasa, ƙafafunmu duk tabo. Saboda haka da mai gidan da nake haya, wani dattijo ɗan asalin Poland, ya tambaye ni ko na san hoki, na bugi ƙirji na ce ai ni ɗan wasa ne. Ya ɗauke ni zuwa tsohon Chicago Stadium. Muka yi ta hawa bene har numfashina ya kusa ɗaukewa, hayaƙin taba ya taru a sama kamar hazon hunturu, ga wani ƙaton molon iska da ake kaɗawa, kana jin sa har cikin haƙarƙari. Na duba ƙasa na ga mutane suna sulu a kan wuƙaƙe, suna bin wani baƙin faifan roba da bai fi murfin gwangwani ba. Ban sake cewa ni ɗan wasa ba ne.

A watan Mayun 1971 muka kai wasan ƙarshe da Montreal, kowa ya ci uku, na bakwai a gidanmu. A kicin ɗin dattijon nan muka saurara a rediyo. Muna gaba da ci 2 da nema. Ɗan wasanmu Bobby Hull ya buga wata ta daki ƙarfen saman raga, da ta shiga da an gama magana. Sai Jacques Lemaire na Montreal ya sako wata tun daga wajen tsakiyar fili, irin wadda gola ke kamawa yana hamma, ta wuce golanmu Tony Esposito. Henri Richard ya ƙara biyu, aka tashi 3 da 2. Dattijon ya kashe rediyo, ya wanke kofin shayinsa, ya kife shi, ya ce min sai da safe. Kalmar da ya faɗa ke nan.

Bayan shekara ɗaya Hull ya tafi Winnipeg, an ba shi dala miliyan ɗaya kuɗin sa hannu. 1973 Montreal suka sake yi mana. 1992 Pittsburgh suka share mu huɗu a jere. Aka rufe tsohon filin a 1994, aka rushe shi, wajen ya koma wurin ajiye motoci. Shi dai mai gidan nawa ya ga na 1961 kafin ya rasu. Ni sai da na shekara 40 a garin nan kafin na ga ko ɗaya.

Jiya da jikana muka kalla. Na tashi sallar Magariba, ina zaman tahiya na ji yaron ya ƙwalla ihu har maƙwabta suka amsa. Ɗan bayanmu Duncan Keith ne ya buga, gola ya tare, ya bi abinsa ya ƙarasa. Ban gani ba sai a maimaici. Na dai sallame tukuna, kada wani ya tambaya.

Anti Nas:
Baba, labarin mai gidanka ya sa ni ƙwalla. Ni aikin dare nake a gidan kula da tsofaffi. Muna da wani tsoho da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa, 'yarsa ma wani lokaci ba ya gane ta. Jiya ta kawo masa tsohuwar rigarsa mai lamba 21, na taimaka muka saka masa a kan kayan barci, muka tura kekensa gaban talabijin. Duk sanda kyaftin ɗinmu Toews ya karɓi faifan sai ya ce ga Mikita nan, wato tsohon gwarzon ƙungiyar mai lamba 21. Can kuma ya juyo yana tambayata me ya sami fuskar Glenn Hall da ya rufe ta. 'Yar ce ta yi min bayani, wai golan 1961 ke nan, kuma a zamaninsa da fuska a buɗe yake tsaron raga. Ban ce masa Crawford ne, golanmu na yanzu, ba. Na ce sanyi yake ji. Ya gyaɗa kai, abin ya gamsar da shi.

Da ɗan wasanmu Kane ya ci ta biyu saura minti biyar da 'yan kai, tsohon nan da sai mun yi da gaske yake ɗaga cokali ya ɗaga hannu biyu sama. Yau da na je sallama da safe bai san an yi wasa ba. Kuma ka ga shi kansa Stan Mikita, da gunkinsa ke tsaye da na Hull a ƙofar filin, iyalinsa sun sanar a farkon shekarar nan cewa irin wannan ciwon ne ya kama shi. Allah ya sa mu gama lafiya.

Ɗan Zango:
Amin, Anti. Amma ni bari in tsokano tsuliyar dodo. Jar rigar da ta cika gari jiya, ina masu ita suke a 2004? Daga Kumasi na zo a 2003. A lokacin fasinja kan ba ka tikitin Blackhawks a madadin tukwici, kai kuma ka ji haushi, gara ya ba ka dala biyu. Na taɓa zuwa da abokina don kawai mu sha ɗumi, muka zauna can sama, layinmu gaba ɗaya mu biyu ne, har ka miƙe ƙafa a kujerar gaba. A 2004 tashar wasanni ta ESPN ta ce ita ce ƙungiya mafi lalacewa a duk wasannin ƙwararru na Amurka. Mai ƙungiyar, Bill Wirtz, ba ya bari a nuna wasannin gida a talabijin, wai don kada a cuci masu sayen tikiti. To yaro zai so abin da bai taɓa gani ba? Sai da ya rasu a 2007, ɗansa Rocky ya karɓa ya buɗe talabijin, ga Toews da aka ɗauko a 2006, ga Kane a 2007, sannan gari ya tuna yana da ƙungiya. Rabin waɗanda suka lotsa motar Ɗan Tasi ko sunan gola ba su sani ba. 'Yan a bi yarima a sha kiɗa ne.

'Yar Jami'a:
Kawu, ni ce yarimar ma gaba ɗaya, kuma ban ji kunya ba. Kai da bakinka ka ce ba a nunawa a talabijin, to a ina zan gani? Babana ba zai bar aiki ya kai ni kallon ƙungiyar da ake ba da tikitinta kyauta ba.

Ina 'yar shekara 14 a 2010. Wasa na shida a Filadelfiya, ƙarin lokaci, Kane ya buga daga gefe, faifan ya ɓace. Fitilar da ke nuna an ci ba ta kunnu ba, mai sharhi ya yi turus, shi kaɗai ya watsar da safar hannu ya ruga wajen golanmu kamar wanda aljanu suka taɓa. Mamata ta ce yaron nan lafiyarsa kuwa? Ashe faifan ya shige ƙarƙashin katifar cikin raga. Shekara 49 ana jira, ranar da ta zo kuma babu wanda ya gani. Tun daga ranar ban bar kallo ba.

Ga abin da ya fi taɓa ni jiya. Ɗan bayan da Kane ya yi wa yanka kafin ya ci waccan ƙwallon, Kimmo Timonen ne, wanda yanzu ya dawo ƙungiyarmu. Jiya Toews na karɓar kofi, shi ya fara miƙa wa. Shekararsa 40, ya yi jinyar daskarewar jini har a huhu, wasansa na ƙarshe ke nan a duniya. Ɗan a bi yarima zai san wannan, Kawu?

Ɗan Zango:
To ke na cire ki. Saura dubu ɗari tara.

Na Gida Kano:
Ni fa ina nan Kano ina bin ku da ido. Iyakar abin da na sani a wasan nan, mutum biyu su yar da sanda su kama dambe, alƙali na tsaye yana kallo. Wai ana cin ƙwallo ma ashe? Kuma akwai baƙar fata a ciki?

Ɗan Tasi:
Malam, ana ci mana. Turmi uku ake yi, kowane minti 20, kuma a zagayen kofi wanda ya riga cin wasa huɗu shi ya wuce. Damben ma a irin wannan matakin da wuya ka gani, kowa na tsoron a kai shi keji ƙungiyarsa ta rage mutum. Ga wanda zai yi maka daɗi. A wasa na biyu da Anaheim watan jiya, an shiga ƙarin lokaci, faifan ya tashi sama, Andrew Shaw ya yi tsalle ya sa masa kai ya shiga raga. Ni da nake kallo a wani shagon shayi a titin Devon na daka tsalle na ce yau ga wasan da na gane. Alƙalai suka soke, wai ba a ci da ka. Sai a ƙarin lokaci na uku Kruger ya raba gardama.

Baƙar fata kuwa akwai Johnny Oduya a bayanmu, ɗan Sweden ne amma mahaifinsa mutumin Kenya. Har ɗan Najeriya ƙungiyar ta taɓa ɗauka a 2007, Akim Aliu, haifaffen Okene, sai dai a Calgary ya fara buga babbar gasar.

Maman Yara:
Ku kuna murna, ni lissafi nake. Tun daren 2013 da aka ci Boston biyu cikin daƙiƙa 17 ɗana ya ce shi hoki zai buga. Na zaci zafin kwana biyu ne. Yanzu shekara biyu ke nan ina tashi kafin Asuba ranar Asabar in kai shi atisaye, in zauna a kan benci mai sanyi da bargo da filas. Takalmi, kwalkwali, sanda, kariyar ƙirji, duk gwanjo nake saya, ƙafar kuma ba ta daina girma ba. Warin jakar kayansa kuwa, na kore ta zuwa baranda, ko turaren wuta ya sallama. Jiya ya ƙi barci sai da ya ga an ba Keith kyautar gwarzon gasa. Yau ya tashi ya ce shi ɗan baya zai koma, tunda Keith kan yi sama da minti 30 a fili. Na ce ka fara yin minti 30 a kan aikin makaranta.

Ɗan Zango:
Ku dai more na yanzu. Ba kamar ƙwallon Turai ba ne da mai kuɗi zai saye kowa, nan akwai iyakar albashin da ƙungiya za ta biya. Bayan 2010 haka muna ji muna gani aka rabu da su Byfuglien, Ladd, Versteeg har da gola Niemi. Kaka mai zuwa sabon kwantiragin Toews da Kane zai fara, dala miliyan 10 da rabi kowannensu a shekara. Wasu daga cikin waɗanda suka ɗaga kofi jiya ba za su ga hunturu a garin nan ba.

Baba Tsohon Gari:
Ɗan Zango, bar yaran su yi ihunsu. Ranar da muke mu kaɗai a filin ai ba daɗi muke ji ba. Rabon da mu ci kofin nan a cikin Shikago tun 1938, ko mai gidana yana saurayi a lokacin. Na 1961 a Detroit aka ɗaga, na 2010 a Filadelfiya, na 2013 a Boston.

Na ji an sa zagayen gari ranar Alhamis, taron kuma a filin wasa na Soldier Field saboda ruwa ya jiƙe dandalin Grant Park, sai da tikiti amma kyauta ne. Alhamis ɗin kuma ita ake sa ran ɗaya ga Ramadan, azumin kusan awa 17. Jikana ya riga ya ɗaure ni da alkawari. 'Yar Jami'a, ke da kika iya intanet, ki nema mana guda biyu, in da hali ɓangaren da rana ba ta bugawa. Ɗan Tasi, in za ka bi ta kudu da safe ka tsaya min, amma ka ajiye motar nesa.