Ciwon baya da zugin ƙafa bayan yankewa: ina neman shawara

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Bara anka yanke min ƙafar hagu ƙasa da gwiwa bayan hatsarin kabu-kabu. Rauni ya warke, alhamdu lillahi, na samu ƙafar roba har ina zuwa shago. To yanzu ƙugu da gadon baya sun hana ni sakat, musamman daga la'asar. Da dare kuma tafin ƙafar da babu ita ke zugi kamar an ɗora garwashi. Wa ya taɓa shiga wannan hali, kuma mi ya yi?

Baba na Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Sannu yaro, Allah ya sa kaffara ne. Ni tawa sama da gwiwa ce, ciwon suga ya ja. Zugin ƙafar da anka cire ba aljanu ba ne, ba kuma taɓin hankali ba, kada kowa ya ruɗe ka. Yawancin waɗanda anka yi wa yanka suna jin sa. Tambaya guda zan yi maka: yaushe rabon da a duba tsawon ƙafar taka ta roba?

Ɗan Mabera: Tun da anka haɗa min ita ban koma ba, Baba. Sai dai yanzu safa biyu nike sawa don ta yi min yawa.

Baba na Runjin Sambo: To ka gani. Dungu shina ramewa a watannin farko, sai ka nutse cikin ƙafar, gefen nan ya gajarta, kana tafiya kana karkacewa ba ka sani ba. Bayan ne ke biyan kuɗin. Ka koma wurin masu haɗa ta kafin komai.

Abban Sadik: Ranka ya daɗe, wannan doguwar hanya ce. Ɗan uwa, ka nemi tramadol a kemis, ka haɗa da diclofenac. Wani maƙwabcina haka yake yi, kuma yana barci lafiya.

Anti mai gashi, Arkilla: Abban Sadik, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma don Allah kada a bi wannan. Aikina ke nan, gashin ƙashi, kuma ina ganin ƙarshen masu bin wannan hanya. Tramadol jiki na sabawa da shi, yau ɗaya gobe biyu, kuma yana iya kawo jijjiga. Diclofenac da ibuprofen in aka daɗe ana sha suna cin ciki suna taɓa ƙoda, balle mai suga ko hawan jini.

Ƙanena na Mabera, ciwo biyu ne ka haɗa wuri guda, kowanne da maganinsa. Na baya, abin da Baba ya faɗa shi ne farko. Tsaya gaban madubi da ƙafar, ka ɗora hannuwa kan ƙasusuwan ƙugu, ka duba ko ɗaya ya fi ɗaya sauka. Bambancin santimita 1 ko 2 ya isa ya wahalar da baya in kullum ana tafiya a kai. Har takalmi yana da hannu a ciki: an saita ƙafar roba ne da tsayin dunduniyar takalmin da ka je da shi, in ka koma silifa ko wani takalmi mai tudu, saitin ya tafi.

Sannan zama. Mai shago yana wuni kan benci gwiwa a lanƙwashe, jijiyoyin gaban cinya da na bayan gwiwa su ɗaure. In ka miƙe, su ke jan ƙugu gaba, baya ya lanƙwasa. Ka riƙa kwanciya rub da ciki minti 20, safe da dare, dungu a miƙe. Kada ka sa matashi ƙarƙashin gwiwa in za ka yi barci, ko da ya fi daɗi. Kana rub da cikin ka ɗaga ƙafar sama kaɗan, gwiwa a miƙe, ka riƙe, ka sauke, sau 10. Naman ɗuwawu da na ciki in sun yi ƙarfi su ke sauke wa baya kaya.

Maman Ilham: Anti, ni maigidana ne. Shi wani wuri guda ne a bakin dungun, da an taɓa sai ya zabura, ya ce kamar lantarki. Shi ma duk ɗaya ne?

Anti mai gashi, Arkilla: A'a Maman Ilham, wannan daban ne. Sau da yawa bakin jijiyar da aka yanke ne ke dunƙulewa ya zama ɗan ƙullutu. Likitan ƙashi za ku gani. Wani a sassauta masa ƙafar daidai wurin, wani allura, wani sai ƙaramin aiki. Kada a yi ƙaho ko tsaga a kan dungu, kada a ɗora ruwan zafi inda fata ba ta ji sosai.

Ƙanena na Mabera, na biyu shi ne zugin ƙafar da babu ita. Ƙwaƙwalwa ce ke ci gaba da neman saƙo daga ƙafar. Akwai dabarar madubi da wani likita, Ramachandran, ya fito da ita a Amurka a shekarun 1990. Ka zauna ka sa dogon madubi tsakanin ƙafafunka yana fuskantar mai lafiya, dungu a ɓoye bayansa. Ka riƙa motsa yatsu da idon sawu a hankali kana kallon madubin, minti 10 zuwa 15 kullum, na wasu makonni. Ba kowa take yi wa aiki ba, amma kuɗinta madubi ne kawai. In bai lafa ba akwai magungunan jijiya irin su amitriptyline da gabapentin, likita ne zai rubuta ya kuma tsara yawan da za a sha.

Abban Sadik: Na karɓa, Anti. Zan isar wa maƙwabcin nawa.

Baba na Runjin Sambo: Ƙari kan zancen Anti. Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu shina wuce digiri 40, gumi ya cika ƙafar, dungu ya riƙa zamewa. Ka ajiye safa ta canji a shago, da azahar ka cire ka goge ka shanya. In ka ga ja a fata bai ɓace ba bayan minti 20, akwai inda ke matsa ka. Da hunturu kuma ka shafa mai da dare, ba da safe ba. Kuma yaro, kada kunya ta sa ka dage da tsayuwa a salla ranar da baya ya ƙi. Hadisin Imrana ɗan Husaini na nan cikin Bukhari: ka yi a tsaye, in ba ka iyawa a zaune, in ba ka iyawa a kishingiɗe.

Ɗan Mabera: Allah ya saka da alheri. Ina zan dosa ke nan?

Anti mai gashi, Arkilla: Fara da sashen gashi na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin ƙashi na Wamakko. In ta kai ga sake ƙafa, asibitin ƙashi na Dala a Kano na da sashen haɗa ƙafafun roba. Ka tafi da takalmin da ka fi sawa da duk safunanka. Amma in ciwon bayan ya zo da zazzaɓi, ko fitsari ko bayan gida ya fara kuɓucewa, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafar mai lafiya ta fara rasa ƙarfi, wannan ba na jiran ranar asibiti ba ne, a tafi a lokacin.

Maman Ilham: Wani abu kuma, jama'a. Masai na tsuguno ya fi komai tayar wa maigidana da baya. Kafinta ya huda mana kujerar katako mai hannu, muna ɗorawa a kai, an kuma kafa ƙarfen riƙo a bango. Sai dai ƙafafun kujerar na santsi a siminti in ya jiƙe. Ko akwai wanda ya san abin da ake manna musu?

Baba na Runjin Sambo: Tsohuwar tayar babur. A yanka a buga da ƙusa ƙarƙashin kowace ƙafa.