Musayar Waƙa: Hitchcock da Bam a Ƙarƙashin Tebur

Malam Mai Majigi:
Taken yau shi ne daraktan fim Alfred Hitchcock, 1899 zuwa 1980. Bismillah.

Ɗan mai kayan gwari ne a Landan,
Ya zamo sarki a fagen fargaba.
Ya ce uba ya aike shi caji ofis,
Yana ɗan yaro, bai yi laifi ba.
Aka kulle shi na 'yan mintuna,
Tsoron ɗan sanda bai bar shi ba.
Ya faro da zanen rubutun fim,
Zamanin da fim bai iya magana ba.
A 1939 ya haura Amurka,
Fim ɗinsa Rebecca ya ci kyautar Oska, shi bai ci ba.
Sau biyar ana sa sunansa a takara,
Kambin darakta bai zo hannunsa ba.

Autan Zaure:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ina da ja.

Ni dai tsoron da na sani, Malam,
Shi ne abu ya faɗo maka ba zata.
Dubi Psycho na 1960,
Jarumar fim ɗin, Janet Leigh, na wanka aka sheƙe ta.
Fim ko rabi bai kai ba,
Wa ya faɗa mana za a rasa ta?
Hitchcock ya sa in an fara a rufe ƙofar silima,
Ya roƙi kada sirrin ya fita.
Ashe ɓoyewa ce makaminsa,
Ita ce ta sa muka firgita.

Malam Mai Majigi:
Sannu Auta. Ji misalin da ya ba darakta François Truffaut na Faransa a hirarsu ta 1962.

Mutum biyu na hira a kan tebur,
Bam na ƙarƙashi, ba su san da shi ba.
In ya tashi kwatsam za ka razana,
Daƙiƙa 15, ba ta wuce haka ba.
To, nuna wa 'yan kallo bam ɗin,
Da agogon da bai daina tafiya ba.
Hirar banza ta koma azaba,
Minti 15 ba ka sarara ba.
Kana ihu, “Ku tashi! Ku tashi!”
Su suna dariya, ba su ji ba.
Ko a Psycho, mai binciken da ya hau bene,
Mun san me ke jira, shi bai sani ba.

Inna Mai Alƙalami:
Kun tsaya kan bam, ku matsa in sa baki.

A Suspicion ya ɗau kofin madara,
Ya sa fitila ciki tana ƙyalli.
Miji ya hau bene zai kai wa mata,
Guba ce ko a'a? Ya bar mu da zullumi.
Jinin Psycho ruwan cakulan ne,
Fim ɗin ai na baƙi ne da fari.
Kukan gogen Bernard Herrmann, mai tsara kiɗan fim ɗin,
Ya fi wuƙar nan kanta kaifi.
Kun manta da Alma Reville, matarsa,
Ta riga shi shiga wannan aiki.
Sai Tippi Hedren a The Birds,
Kwanaki ana jifanta da tsuntsu mai rai.
Ɗaya ya kusa tsone mata ido,
Likita ya ce ta dakata da aiki.
Gwani ne, ban musa muku ba,
Amma wannan kam sunansa zalunci.

Autan Zaure:
Inna, na rusuna. Malam, saura ɗaya.

A Rear Window na 1954,
Mai karaya na leƙen maƙwabta.
Ba bam, ba agogo, ba tebur,
Ko kisan matar maƙwabci ba a nuna ba, balle gawarta.
Shi zato yake, mu ma zato muke,
Ina bam ɗin? Malam, warware ta.

Malam Mai Majigi:
Jaruma Grace Kelly ta shiga ɗakin wanda ake zargi,
Ga shi ya dawo, ita ba ta gani ba.
Bam ɗinka ke nan, Auta, mai ƙafa biyu,
Mai karaya kuwa bai iya tashi ba.