Kachala ta cinye mana magudanar ruwa

Manomin Wurno: Salamu alaikum. Kachala, doguwar ciyawar nan da ke fitowa cikin ruwa, ta toshe magudanar fadamarmu, ruwa ba ya kaiwa ga albasata. Mun yi gayya mun sare, ta sake tohowa, yanzu kowa ya janye jiki. Ina mafita?

Ɗan Goronyo: Baba, ku sare ta ƙarƙashin ruwa. Idan kututturen ya nutse, saiwar ba ta samun iska, sai ta ruɓe.

Malama daga Kware: Gayyar kyauta ba ta ɗorewa, Malam. A Senegal da Muritaniya gawayi ake yi da kachala. Ku busar, ku nemi mai saye. Matasa na ganin kuɗi za su ɗauki lauje.

Ɗan Goronyo: Gaskiya ne Hajiya, amma a biya kan magudanar da aka share. In dami ake saye, wani zai bar ta ta yaɗu.