Waɗanda aka yi wa aikin zuciya, yaya kuka yi bayan an sallamo ku gida?

'Yar Sabon Zango, Ankara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce, shekararta 27, ɗanta ɗaya. Tun bara take haki, daga ɗaki zuwa bakin famfo sai ta tsaya ta dafa bango, da dare kuma ba ta kwanciya sai an tara mata matasai uku. Mun sha maganin asma har mun gaji, kafin aka yi mata hoton zuciya aka ce bawul ɗin ɓangaren hagu, wato ƙofar da jini ke bi a cikin zuciya, ya tsuke kuma yana yoyo, dole a canza shi. An ba mu rana a asibitin Korle Bu, nan Ankara babban birnin Gana, bayan Sallah. Likitoci sun yi mana bayanin aikin, Allah ya saka musu da alheri. Ni abin da ke hana ni barci shi ne ranar da za a ce mu tafi gida. Gidan haya muke, ciki da falo, banɗaki na kowa da kowa, ruwa a bokiti, kuma ni ce mai jinya. Don Allah wanda aka yi wa, ko ya yi jinyar wani, ya gaya mini abin da ya gani da idonsa. Me za ta ci? Yaya za ta yi sallah? Me zan gani in san babu lafiya?

Malam na Aboabo, Kumasi

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Shekarata 9 ke nan da bawul na ƙarfe a ƙirjina. A Gee aka gano ciwon, wato asibitin Komfo Anokye, daga nan aka tura ni cibiyar zuciya ta Korle Bu, wadda Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa a 1989. In dare ya yi tsit ina jin ƙarar bawul ɗin, ƙas, ƙas, kamar agogon hannu. Watan farko ya hana ni runtsawa. Yanzu da shi nake jan carbi.

In na ƙarfe za a sa mata, to ki riƙe sunan magani ɗaya, warfarin. Jini yana son daskarewa a jikin ƙarfe, gudan jinin kuma in ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Maganin yana tsinka jinin, kullum ake sha, har ƙarshen rai. Amma in ya yi yawa zubar jini, in ya yi kaɗan daskarewa, shi ya sa ake gwajin auna tsinkewar jini da suke kira INR. Nawa an ce ya zauna tsakanin 2.5 da 3.5. Ina da ɗan littafi da nake rubuta kowane sakamako da kwanan wata.

Za ki ji mutane na cewa an hana mu ganye. Ba a hana ba. Kontomire, wato ganyen gwaza, da ayoyo da zogale suna da bitamin K, shi kuwa yana rage ƙarfin maganin. Abin da likita ya ce mini shi ne in ci daidai yadda na saba, kada wannan mako in cika ciki da tuwon zafi da ayoyo kullum, mako mai zuwa in ƙaurace masa. A kan cin da ka saba ake auna maka magani.

Abin da ya kusa kai ni kabari ciwon baya ne. Na aiki yaro wani kemis, aka ba shi diclofenac, na sha kwana huɗu. Sai na ga jini a asuwaki, bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, na tashi zan yi alwala jiri ya kayar da ni. Leda biyu ta jini aka ƙara mini. Tun daga ranar, ban da paracetamol ba na haɗiyar komai sai na tambayi likitana, ko maganin ƙwayoyin cuta ne, ko jiƙo, ko na masu talla a cikin mota. Cire haƙori ma sai da saninsa. Ki ce ta riƙa yawo da kati a jaka mai nuna tana shan warfarin.

Hajiya ta Mamobi

Sannu ƙanwata, jinya sai haƙuri. Ni mijina Alhaji na yi wa jinya. Nasa jijiyoyin zuciya ne suka toshe, aka ciro wata jijiya daga ƙafarsa aka yi wa jinin sabuwar hanya, amma yankan ƙirjin duk ɗaya ne da wanda za a yi wa taki.

Ki sani ƙashin tsakiyar ƙirji ake tsagawa, a ɗaure shi da waya. Fatar waje za ta haɗe da wuri har ki ce an warke, alhali ƙashin yana buƙatar mako 6 zuwa 8, wani ma har wata 3. A wannan tsakanin an hana mu ɗaukar abin da ya wuce kilo 5. Babu bokiti, babu daka, babu wanki, babu shara a duƙe. Kuma tunda kin ce tana da yaro, nan aikin yake, don yaro bai san an yanka uwarsa ba, da gudu zai faɗa mata a ƙirji, ita kuma zuciyar uwa ba za ta bar ta ta ƙi ɗaukarsa ba. Goyo kam a manta da shi tukuna.

Ki ɗinka mata ƙaramin matashi. In tari ko atishawa ya zo ta rungume shi a ƙirji. Kada ta danne tarin don tsoron zafi, majina ce za ta kwanta a huhu. Kada ta kwana a katifar ƙasa, domin tashi daga ƙasa sai an dogara da hannu, dogarawar nan kuwa ita ke motsa ƙashin. Mu gado muka aro, aka koya masa ya juya gefe, ya sauke ƙafafu, sannan ya miƙe. Banɗakin tsuguno ma haka, kafinta muka sa ya huda kujera. Wanka a zaune, a wanke ɗinkin a hankali da ruwa mai tsabta, a dandanna tawul ya bushe, babu man kaɗanya, babu zuma, babu shafe-shafen da za a kawo miki.

Sallah a kujera ya yi ta, yana sunkuyar da kai kaɗan. Da farko abin ya dame shi ƙwarai, har limaminmu ya zo ya karanta masa hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa wanda bai iya tsayuwa ba ya zauna, wanda bai iya zama ba ya kishingiɗa. Sai da likita ya ce ƙashi ya kama sannan ya koma sujada.

Sai 'yan dubiya. Kin san halinmu na Zango, ɗaki zai cika tun hantsi, wani da mura, wani da tari, kowa da maganin da ya warkar da kawunsa. Na sha kunya, amma na ajiye benci a waje na ce dubiya sai bayan la'asar, mutum biyu-biyu. Wasu sun yi fushi, daga baya sun huce.

Gishiri kuwa ba na kwano kaɗai ba ne. Kifin da aka adana da gishiri irin su koobi da momoni, dunƙule, yajin shito, kifin gwangwani, waakye (wake da shinkafa) na bakin titi, duk gishiri ne. Ni tukunyar gidan gaba ɗaya na rage wa, don kada ya ga an ware shi. Kullum kuma mu taka, yau bakin ƙofa, jibi kan kwana, har ya kai masallaci da ƙafarsa. Ranar komawa asibiti ku ɗauki tasi, kada ku shiga bas ɗin haya, trotro. In kika ga ɗinki ya yi ja ko yana fitar da ruwa, ko zazzaɓi, ko haki ya dawo, ko tana jin ƙashi na motsi, kada ki ce maleriya ce ki je kemis. Ku koma inda aka yi aikin a ranar.

Maman Biyu, Madina

Yaya, shekarunta ne suka sa na yi magana. Ina da 25 aka yi mini. Kafin ranar, ku zauna da likita tare da mijinta a kan wane irin bawul za a sa, domin warfarin yana iya cutar da ɗan tayi, musamman a watannin farko. Ni ina son haihuwa, sai na zaɓi na dabba, wanda ba ya buƙatar warfarin na dindindin. Akwai na saniya, akwai na alade. Na tambaya, aka sa mini na saniya, ko da yake malamin da muka tuntuɓa ya ce ko ɗayan ne kaɗai aka samu, lalura ce. Sai dai an gaya mini ƙiri-ƙiri cewa na dabba yana tsufa, shekara 10 zuwa 15, a jikin matasa ma bai cika kai haka ba. Na san wani aikin yana gabana, na kuma yarda. Bayan shekara 3 na haifi 'yata. Masu na ƙarfe ma suna haihuwa, amma da canjin magani da sa ido sosai. Ko wanne ta zaɓa, kada ta ɗauki ciki sai likita ya sani, kuma mijin ya ji da kunnensa, don shi zai tare mata dangi in an fara tambayar ina ƙanin yaro.

Wani abu kuma, ki tambayi innarku ko ƙanwar taki ta sha ciwon maƙogwaro da na gaɓɓai tana ƙarama. Ni haka nawa ya faro. Aka ce beli ne, aka kai ni wajen wanzami. Ashe ƙwayar cuta ce da penicillin zai kashe, da aka bar ta sai garkuwar jikina ta juya kan bawul ɗin tana cinsa a hankali. Har yanzu ana yi mini allurar penicillin duk wata. Tana da zafi, amma ba na fashi.

Direba, Asawase

Anti, nawa ba na abinci ba ne. Mako biyu da dawowata sai na tsinci kaina ina kuka da asuba ba dalili. Mota a ajiye, matata ke fita talla, ni ina zaune ana miƙo mini ruwa. Na daina magana, na daina cin abinci, na ɓoye wa kowa don kada a ce na kasa tawakkali. Wata nas ce ta lura ta ja ni gefe, ta ce yana samun mutane da yawa bayan aikin zuciya, kuma yana da magani. Abokan tasha suka fara zuwa suna ɗauka ta in zauna cikinsu awa ɗaya. Wata 3 na yi kafin na koma kan sitiyari. In kika ga ta yi shiru da yawa, ki zauna kusa da ita, ki kuma gaya wa likita.

Uwar 'yan uku, Fadama

Ni ba a yanka ni ba, amma da ciwon nake zaune shekara 6. Bayan haihuwata ta uku ƙafafuna suka kumbura, numfashi ya ƙi. Aka ce jego ne bai karɓe ni ba, aka ƙara mini kunun kanwa da ruwan zafi. A asibiti aka ce naman zuciyar ne ya yi rauni bayan haihuwa, likitan har ya ce tun shekarun 1970 aka yi rubutu a kan yawan wannan ciwo a matan Zariya, kanwa kuma gishiri ce mai tara ruwa a jiki. Na bar ta har yau. Shawarata ki sayi sikeli. Kullum da safe ta hau. In nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana biyu ko uku, ruwa ne, a kira likita tun kafin ya kai huhu. Maganin fitsari da safe nake sha, in ba haka ba kwana zan yi ina zarya. Azumi kuma duk shekara sai na tambaya. Shekara biyu an ce kada in yi, na ciyar, raina bai so ba amma na bi.

Baban Yara, Nima

Ɗana aka haifa da huji a zuciya. Katin inshorar lafiya ya taimaka mana a wasu magunguna, amma bai ɗauki kuɗin aikin ba. Takardar likita na ɗauka na kai wa sarkinmu da limamai, aka yi sanarwa ranar Juma'a, 'yan uwa na Jamus da Amurka suka turo, mata 'yan adashi suka ba mu kwasarsu. Ku tambayi ofishin walwala na asibitin game da Gidauniyar Zuciya ta Gana, da asusun jinya da gwamnati ta kafa a 2025, wanda ake kira MahamaCares. Kuma kada ku zuba duk abin da aka tara a aikin kaɗai. Ku ware na magani da gwaji da kuɗin mota na wata shida, mu nan ne muka sha wuya.

'Yar Sabon Zango, Ankara

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya, ya raya zuri'a. Na karanta wa ƙanwata duka, ta yi kuka a wajen maganar goyo. Maman Biyu, na tambayi Inna, ta ce tabbas an cire mata beli tana aji uku, kuma ta yi wata guda ba ta taka ƙafa. Mijinta ya yarda zai bi mu ranar Talata a yi maganar bawul. Yaron zai koma wajen gwaggonsa, a riƙa kawo shi da yamma. Hajiya, maƙwabciyarmu ta ba mu aron gado, kafinta zai zo gobe, matashin kuma yau zan ɗinka. An ce mu kawo masu ba da jini kafin ranar, mun samu mutum uku a dangi. Wanda yake Ankara kuma yana da lafiyar bayarwa, don Allah ya yi mini magana.